Kiran da Bai Isa Turke Ba, Wa Ya Ƙirga Shi?

A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, wato NCC, ta sahale wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da abin da bai haura kashi 50 cikin 100 ba. Kamfanonin sun kawo hujjojinsu, kuma ba na banza ba ne: man dizal ya yi tashin gwauron zabo, naira ta zube, kayan aiki kuwa da dala ake sayo su. Abin da aka ba jama'a a madadin ƙarin shi ne alkawarin cewa sabis zai gyaru. Masunci a Marma da manomin shinkafa a Madaci, can cikin ƙaramar hukumar Kirikasamma, sun biya wannan ƙari daidai da yadda ma'aikacin banki ya biya a Maitama, ba a rage musu ko kobo ba. Saura a san mudun da za a auna ko alkawarin ya cika a wajensu. Mudun yana nan, an daɗe ana awo da shi, kuma yadda aka ƙera shi ba zai taɓa ganin mutumin fadamar Haɗeja ba.

Alƙaluman da aka fi yanke wa kamfani hukunci da su guda biyu ne. Na farko, cikin kiran da aka buga nawa ne ya shiga. Na biyu, cikin wanda ya shiga nawa ne ya katse ana tsakiyar magana. Ƙa'idar da aka daɗe a kanta ita ce aƙalla 98 cikin 100 su shiga, waɗanda suka katse kuma kada su wuce 1 cikin 100. Da irin waɗannan alƙaluma hukumar ta ci tarar MTN da Glo da Airtel da Etisalat jimillar naira biliyan 1.17 a 2012, ta kuma ci tarar uku daga cikinsu naira miliyan 647.5 a 2014, har ta hana su sayar da sababbin layuka tsawon watan Maris na shekarar. Ke nan awon yana da haƙora, yana kuma cizo.

To amma wa yake ƙirgar? Na'urorin kamfanin ne da kansu, na jikin turke da na cibiyar da ke bayansa, kuma na'ura tana ƙirga buƙatar da ta iso mata ne kaɗai. Matar da ke tsaye a tsakar gida wayarta na nuna babu sabis, ta danna lambar ungozoma sau goma, babu abin da ya bar hannunta ya je ko'ina. A littafin kamfani ba a rubuta cewa kira goma sun faɗi ba. An rubuta cewa ba ta kira kowa ba. Makarantar da ta tsare raunanan ɗalibanta a bakin ƙofa ranar jarrabawa, sannan ta buga ganga cewa duk waɗanda suka zauna sun ci, ba ta yi ƙarya ba. Amma babu uban da zai karɓi wannan sakamako da hannu biyu.

Za a ce ai ana auna tsawon lokacin da turaku suke a kunne. Ana yi. Sai dai lissafin firamare ya isa ya nuna raminsa: idan kamfani yana da turaku 1,000, ɗaya ya mutu wata guda cur saboda ruwa ya yanke hanyar da motar mai take bi, sauran kuma suna aiki, rahoton watan zai ce kashi 99.9 cikin 100. Mai karanta rahoton a Abuja zai yi murmushi. Garin da turkensa ke nan guda ɗaya ya yi kwana 30 babu waya. Za a kuma ce ana fita gwaji da mota, a ɗora wayoyi da kwamfuta a zagaya ana buga kira ana rubuta ƙarfin sigina. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ne gwajin da ya fi kusa da abin da mai waya yake ji a jikinsa. Illarsa ɗaya: mota tana bin inda hanya take. A watan Agusta da Satumba, lokacin da mutanen fadama suka fi bukatar waya, ƙauyuka da yawa kwale-kwale ne motarsu.

Ƙasar da ta fi kowace sauƙi ga eriya

Da a ce Kirikasamma tana cikin duwatsun Mambila, da an sami abin fakewa. Igiyar rediyo ba ta son tsauni, ba ta son dogayen benaye. Fadamar Haɗeja kuwa shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, daga Turabu har Baturiya babu abin da ya tare ido sai itatuwa da kacalla. Injiniyoyi suna da lissafin nisan da eriya take hangowa kafin lanƙwasar duniya ta ɓoye mata ƙasa: eriyar da ke kan turke mai tsawon mita 25 tana hangen wajen kilomita 20, mai mita 50 kuwa wajen kilomita 29. Tsarin GSM na asali an gina shi ne ya iya riƙe waya har nisan kilomita 35, kuma a Ostireliya an daɗe da faɗaɗa wannan iyaka domin makiyaya da mazauna daji. Faɗin ƙaramar hukumar Kirikasamma gaba ɗaya bai wuce murabba'in kilomita 800 ba, wato kwatankwacin da'irar da daga tsakiyarta zuwa bakinta kilomita 16 ne. Ba ana nufin turke ɗaya zai wadatar ba; mutanen da ƙidayar 2006 ta samu sun haura 190,000, kuma turke yana da iyakar kiran da zai ɗauka a lokaci guda. Ana nufin cewa idan aka sami gari a irin wannan fili babu sabis, yanayin ƙasa ba shi da laifi. Wani ne ya zauna ya yanke tsawon turken, da irin eriyar da za a ɗaura masa, da inda za ta fuskanta.

A nan ya kamata mai karatu ya ɗan tsaya, domin eriya ba ƙarfe ba ce kawai da aka rataya. Duk wanda ya tashi a gidan da ake ɗaura eriyar talabijin a kan gora, ana aiken yaro ya juya ta har hoton tashar Kano ya washe, ya riga ya san asalin ilimin. Waccan eriya mai haƙarƙari, Shintaro Uda da Hidetsugu Yagi suka ƙirƙiro ta a Jami'ar Tohoku ta Japan a 1926, kuma hikimarta ita ce ba ta ƙara wa sigina ƙarfi ko kaɗan. Tattara shi take yi ta tura shi gefe guda, kamar yadda tocila take tattara hasken da fitilar ƙwai za ta watsar ko'ina. Dogayen fararen akwatunan da ake gani a saman turakun waya haka suke, galibi uku, kowace ta ɗauki kashi ɗaya cikin uku na da'ira. Ana iya sunkuyar da kansu su haska ƙasa kusa, ana iya ɗaga su su hangi nesa. A birni sunkuyarwa ake yi, don kada turke ya shiga gonar maƙwabcinsa. Idan aka kawo wannan saiti gefen titin da ya ratsa karkara, kasuwa da tasha za su ƙoshi, ƙauyen da ke kilomita 10 a bayansu ya kwana da yunwa.

Akwai kuma abin da ke ruɗar mutane kullum: waya ta nuna sanda biyu ko uku, amma kira ya ƙi fita. Dalilin shi ne hirar ba ta tsakanin tsara ba ce. Turke yana magana da ƙarfin wat gommai, daga sama, ta eriya mai tsawon mutum. Wayar hannu ba ta wuce wat 2 a tsohon tsarin GSM, a 4G kuwa kashi ɗaya cikin biyar na wat take fitarwa, daga aljihu ko daga cikin ɗakin da aka rufa da kwano. Sandunan da ke kan fuskar waya shaida ce cewa ta ji turke. Ba su ce turke ya ji ta ba. Maganin wannan sananne ne a sana'ar: a ƙara wa turken kunne, ta hanyar eriya mai tattarawa sosai, da na'urar ƙarfafa sigina a can sama kusa da ita, da ƙarin eriyoyin karɓa. Duk kayan kasuwa ne, babu wanda sai an jira wani masani ya gano shi.

Shi ya sa shagalin da aka yi wa 5G yake da ban takaici ga wanda ya san fadama. A Disambar 2021 MTN da Mafab kowanne ya ci gwanjon gurbi a zangon megahaz 3,500 a kan dala miliyan 273.6, Airtel ya biyo baya. Fasahar abin jinjinawa ce. Tushenta yana komawa ga aikin Arogyaswami Paulraj na Jami'ar Stanford, wanda ya yi rajistar dabarar aika saƙonni da yawa ta eriyoyi da yawa a lokaci guda a 1994, da na Thomas Marzetta na Bell Labs, wanda ya nuna a 2010 abin da za a samu idan eriyoyin suka kai gommai ko ɗaruruwa a turke ɗaya, kowace waya ana bin ta da nata hasken. Amma zangon yana da halinsa. Tsawon igiyar megahaz 900 wajen santimita 33 ne, na 3,500 bai kai santimita 9 ba. A fili fetal, da eriya iri ɗaya da nisa iri ɗaya, abin da zai iso a zango na biyu ya gaza na farkon wajen sau 15, kafin ma a zo maganar ganyen itace da katangar ƙasa. An yi shi ne don inda mutane suka cunkushe. Zangon da karkara take jira shi ne na ƙasa, megahaz 700 da 800, wanda wani sashensa tashoshin talabijin na da suka daɗe suna zaune a kai. Nijeriya ta saɓa wa'adin duniya na 17 ga Yunin 2015 na komawa talabijin na dijital, ta sake saɓa na 2017. Ba a ga 'yan boko sun cika shafukan sada zumunta da fushi kan wannan ba, alhali shi ne ya shafi iyayensu a ƙauye. Fushin da aka gani game da 5G na masu cewa tana kawo korona ne.

Abin da ke bayan turken

Eriya rabin labari ce. Kiran da ya hau turke dole ya sauka ta wata hanya ya tafi cibiya, ko ta wayar faiba da aka binne, ko ta fararen faya-fayan nan masu kama da ganga da ke harba sigina daga turke zuwa turke. A nan ne fadama take da nata sharrin na gaske. Shimfiɗaɗɗen ruwa madubi ne ga igiyar rediyo. Saƙo ɗaya sai ya iso ta hanya biyu, ɗaya kai tsaye, ɗaya bayan ya daki fuskar ruwa ya dawo, idan kuma suka iso a saɓe sai su kashe juna. Hanyar da aka saita a watan Maris, ƙasa a bushe, ba ita ce hanyar watan Satumba ba, lokacin da Kogin Haɗeja ya cika ya bazu, ruwan madatsun Tiga da Challawa ya ƙaru a kan na sama, kacalla kuma ta toshe magudanan da zai wuce. Wannan ma tsohuwar matsala ce mai tsohon magani: a ɗaura faifai biyu, ɗaya sama da ɗaya, ta yadda idan sigina ya dushe a wannan yana nan a wancan. Sai dai wanda bai taɓa aunawa da damina ba ba zai san yana bukatar faifai na biyu ba. Hatta lissafin da aka daɗe ana koya wa injiniyoyi na hasashen inda sigina zai kai, wanda Masaharu Hata ya tsara a 1980, an ɗora shi ne kan awon da Yoshihisa Okumura ya yi a Tokyo da kewayenta a shekarun 1960. Taswirar da aka zana da hasashe ra'ayin kwamfuta ce game da Kirikasamma, kuma gani ya kori ji.

Abin haushin shi ne babu sana'ar da ta kai ta sadarwa iya gano inda cuta take. Tun zamanin wayar tangarahu, a ƙarni na 19, ma'aikaci yana zaune a ofis zai auna turjiyar waya da dabarar Cromwell Varley ya faɗi wajen mil nawa ta lalace. Yau abin ya fi haka. Tun 1976 aka nuna cewa ana iya harba ɗan haske cikin wayar faiba a saurari amsa-kuwwarsa. Haske yana tafiyar wajen kilomita 200,000 a daƙiƙa cikin gilashi, don haka idan ya dawo bayan kashi ɗaya cikin 10,000 na daƙiƙa, an san yankan yana kilomita 10 daga nan. Na'urar ba ta fi jakar hannu ba. Da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka katse a gaɓar Kwaddibuwa ranar 14 ga Maris 2024, bankuna suka tsaya a Legas da Abuja, ba a ɗauki lokaci ba aka san wurin, aka tura jiragen gyara, hukuma tana fitar da sanarwa bi da bi. Masana'antar da take iya nuna yanka a ƙarƙashin Tekun Atilantika ba ta rasa hanyar sanin ko waya tana shiga a Baturiya ba. Ƙararrawa tana kaɗawa a cibiyar kamfani duk sa'ad da turke ya mutu, da minti da daƙiƙa. Bayanin yana nan a ajiye, turke bayan turke, sai dai mutanen da turken yake tsaye a garinsu ba su da hanyar ganinsa.

Kamfanonin suna da amsa, kuma ya kamata a saurare ta. Turken karkara yana cin kuɗi fiye da na birni, yana kawo ƙasa da shi. Babu wutar da za a dogara da ita, sai janareta. Ana satar mai, ana satar batir. Masu aikin hanya suna tsinka faiba ba ko sallama. Tun wajen 2014 ma manyan kamfanonin suka sayar da dubban turakunsu ga irin su IHS da American Tower, suka koma 'yan haya. Duk an ji. Amma wannan hujja ta tsufa. Tun 2017 Huawei da MTN suka fara kafa ƙananan turaku masu aiki da hasken rana a ƙauyukan Gana. Kamfanin Africa Mobile Networks ya kafa irinsu da yawa a karkarar Nijeriya, masu aika kira ta tauraron ɗan'adam, babu dizal babu faiba. Starlink ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, kafin kowace ƙasa a Afirka. Sannan dokar sadarwa ta 2003 ta riga ta hango cewa akwai wuraren da riba ba za ta kai kamfani ba, shi ya sa ta kafa asusun USPF, wanda ake zuba masa wani kaso na harajin da kamfanonin ke biyan hukumar, kuɗin da asalinsa daga katin da talaka ya kankare ya fito. Hukumar ta ce yankunan da ba su da sabis sun ragu daga 207 a 2013 zuwa 97 a 2022. Madalla. Amma garin da taswira ta shafa wa launin masu sabis, alhali sai an hau tudu ake samun sanda ɗaya, ya fita daga jerin mabukata ba tare da bukatarsa ta biya ba. Ya yi asara sau biyu.

Kuma asarar ta wuce ta gaisuwa da 'yan'uwa. Gwamnati da kanta ta mayar da layin waya ƙofar shiga kusan komai. A 2012, zamanin da Akinwumi Adesina yake ministan gona, aka fara raba tallafin taki ta saƙon waya. A farkon 2023, da takardun naira suka ɓace, mai kifi da mai riɗi a kasuwannin ƙasar Haɗeja sai da taransifa suke ciniki, ko su ba da bashi, ko kaya su lalace. Sakamakon zaɓe daga rumfa ta intanet aka ce a ɗora shi. Gargaɗin ambaliya, wanda hukumomin ruwa da na yanayi ke fitarwa kowace shekara, ba shi da amfani ga wanda bai iso masa ba, kuma mutanen Kirikasamma da Guri da Auyo ba su manta da 2020 da 2022 ba. Hukumar da ta wajabta wa ɗan ƙasa waya ta ɗauki nauyin tabbatar da cewa wayar tana aiki inda yake kwana.

Kaso mafi ɗaci na laifin na gida ne. Jigawa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Zamanin Gwamna Saminu Turaki, tun wayar salula tana jaririya a Nijeriya, jihar ta kafa kamfanin Galaxy a Dutse da cibiyar koyon kwamfuta a Kazaure, ana yi mata dariya ana cewa me jihar manoma za ta yi da intanet. Yau akwai Jami'ar Tarayya a Dutse, akwai Jami'ar Sule Lamiɗo a Kafin Hausa, akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman a cikin garin Haɗeja, tafiyar da ba ta kai awa guda ba zuwa Kirikasamma. Kowace babbar wayar Android tana iya nuna ainihin ƙarfin siginar da take samu da lamba, da turken da take magana da shi, GPS ɗinta kuma ba ya bukatar sabis kafin ya rubuta inda take. Ɗalibai goma da wayoyi huɗu-huɗu, layin kowane kamfani ɗaya, da babur da rani da kwale-kwale da damina, za su iya bin mazaɓun ƙaramar hukumar ɗaya bayan ɗaya: a ƙofar asibitin sha-ka-tafi, a rumfar zaɓe, a kasuwa, a mashigin ruwa, a cikin ɗaki da waje. Su buga kira, su gwada lambar banki, su rubuta wanda ya shiga, su kuma rubuta wanda bai ko tashi ba, domin shi ne lambar da babu ita a littafin kowa. Kuɗin aikin bai kai na taron bita guda a otal ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma hukuma ba ta karɓar yoyo a baki, sai a takarda.

Ko da NCC ta sauko da rahotanninta daga matakin ƙasa zuwa na jiha, ko ma na ƙaramar hukuma, muddin na'urar kamfani ce kaɗai mai ƙirga, matar nan mai neman ungozoma ba za ta bayyana ba. Abin da 'yan majalisar da ke wakiltar ƙasar Haɗeja a Dutse da Abuja ya kamata su nema a rubuce ƙayyadadde ne: jerin turakun da ke Kirikasamma, tsawon kowanne, zangon da yake aiki a kai, inda eriyoyinsa suka fuskanta, da adadin sa'o'in da ya yi a mace daga watan Yuli zuwa Oktoba na kowace shekara.